Haya da kuɗin makaranta sun haɗe mini a Oktoba, ku yaya kuke yi?

Sagiru Marwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da matsala, na kuma san ba ni kaɗai ba ne, kowa dai ya yi shiru da tasa. Ina shekara ta biyu a jami'ar Marwa, a Kamaru. Da yamma ina koya wa yara lissafi a gidaje uku, biyu a Domayo, ɗaya a Kakatare, kowane gida jaka 10 a wata, wato sefa dubu goma. Ranar Asabar kuma ina tsare wa kawuna shago a babbar kasuwa, ya ba ni jaka 2. A wata ke nan ina haɗa jaka 38. In Afrilu da Mayu suka zo, jarrabawar BEPC da bakaloriya ta ƴan sakandare ta ƙarato, iyaye kan ƙara mini awowi, kuɗin darasin ya kai jaka 45.

A ido ba laifi. To amma Oktoban da ya wuce mai minisite, gidan hayar ɗalibai da nake ciki, ya ce ko in biya wata goma gaba ɗaya, jaka 80, ko in naɗe katifata. Ga kason farko na kuɗin makaranta, jaka 25. Ranar jaka 11 ce a aljihuna. Na ci bashi wajen mutum uku. Biyu na sallame su, na ukun yana bi na jaka 30, yanzu in na hango shi a bakin kogin Mayo Kaliyawo sai in sake hanya. Bara ma haka aka yi, na rantse ba zan sake ba, ga shi na sake. Muna Janairu, kaso na biyu yana tafe, azumi yana tafe. Ba na caca, ba na shaye-shaye, budurwa ma ba ni da ita. Ina kuɗin ke shiga? Ku da kuke aiki kuna karatu, yaya kuke yi?

Habu Kalando:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuɗin ba ya shiga ko'ina, ba ya nan ne kawai. Jaka 38 a Marwar yau me za ta yi maka? Kada a zo a cika ka da zancen tsari. Tsari na masu albashi ne.

Hajara Dang:
Habu, ka bari a ji ta bakin manya mana. Yaya Bala, kuna kusa?

Yaya Bala Garwa:
Ina nan, Hajara, yanzu na taso daga aji. Sagiru ƙanena, na karanta maganarka sau biyu, sai na tuna ɗakina na Dang, inda jami'ar Ngaundare take, shekarun baya. Ba almubazzaranci ke damunka ba. Kai wata kake ƙirgawa, mai gida da jami'a kuwa shekara suke ƙirgawa. Ɗauko takarda mu yi tare, in na yi kuskure ka gyara mini.

Abin da ke shigo maka: Oktoba zuwa Maris wata shida, jaka 38 sau shida, 228. Afrilu da Mayu, 45 da 8 na shago, 53 sau biyu, 106. Daga Yuni yara sun gama jarrabawa, ba uban da zai biya malamin gida sai an koma makaranta an zauna sosai, saura jaka 8 ta shago, wata huɗu, 32. Jimla jaka 366 a shekara. Wannan shi ne samunka na gaskiya, ba 38 sau goma sha biyu da zuciyarka ke raya maka ba.

Sai manyan duwatsun da ka san suna nan a hanya tun kafin ka taso. Haya ta wata goma sha biyu ce, tunda kayanka suna ɗakin har lokacin hutu, 96. Makaranta 50. Fotokofi da buga aikin gida da ƴan takardu, in sa 20. Salla biyu, ɗinki da abin da za ka miƙa wa ƙanne, 25. Zuwa gida da tsaraba, 14. Zazzaɓin damina, wanda bai taɓa neman izinin kowa ba, 15. Jimla 220. Cire daga 366, saura 146. Raba wa kwanakin shekara 365, sefa 400 ke nan a rana. Ci da babur da sabulu da kuɗin intanet, duk a cikin 400.

Kai kuwa na tabbata a Nuwamba kana kashe jaka ɗaya da wani abu a rana, kana jin ba ka yi ɓarna ba. Ba ka yi ba kam, sai dai hayar Oktoba ce kake ci da miya.

Sagiru Marwa:
Innalillahi. Yaya, sefa 400? Babur daga ɗakina zuwa jami'a a Kongola da dawowa ma ya kusa cinye ta.

Habu Kalando:
Kun gani ko? Abin da na faɗa ke nan. An yi lissafin, an gama, kuɗin bai ƙaru da ko dala ɗaya ba. Yanzu ma an ƙara masa hawan jini.

Yaya Bala Garwa:
Habu, gaskiyarka, lissafi ba ya haihuwar kuɗi. Amma ramin jaka 100 da ka gani tun Janairu daban yake da wanda ka faɗa cikinsa ranar 5 ga Oktoba. A Janairu kana da wata tara na neman abokin ɗaki, neman gida na huɗu, neman aikin hutu. A Oktoba zaɓi ɗaya ya rage maka, wa za ka kira ya ranta maka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In Sagiru ya raba ɗakin nan da wani, haya ta koma 48, abin kashewarsa ya tashi daga 400 zuwa wajen 530 a rana. Bai ƙara aikin minti ɗaya ba.

Habu Kalando:
To ni ku yi mini nawa in gani. Babur ɗin da nake haya da shi ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi jaka 2 da rabi, ko na samu ko ban samu ba. Mai kuma kun san labarinsa. A da lita tana 630, Fabrairun 2023 ta koma 730, Fabrairun 2024 ta koma 840. Da zuwa-zuwa, man fasa-ƙwauri daga Najeriya, muke rufa wa kanmu asiri, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 shi ma ya daina zama na talaka. Ran kasuwa in tashi da jaka 4 tawa, ran da aka wuni ana ruwa in tashi da 500, ran da taya ta fashe in tashi da bashi. Wane adadi zan rubuta a takardar taku?

Zainabu M2:
Rubuta na ranar ruwan, ba na ranar kasuwa ba. Ni ɗinki nake yi, samuna ya fi naka hawa da sauka. Kwana goma kafin salla ba na barci, bayan salla kuma keken sai ya yi wata yana shan ƙura. Abin da na koya, na ɗauki mafi munin wata a matsayin albashina. Duk abin da ya hau kansa ba nawa ba ne, na Oktoba ne. Kuma kai Habu kana da abin da Sagiru ba shi da shi, kuɗinka kullum yake shigowa. Jaka ɗaya ran kasuwa, 200 ran da ba ciniki, ka ba wani ya riƙe kafin ka isa wajen mai shayi.

Habu Kalando:
Wa zan ba? Nan ake yin ta.

Adda Rabi:
Ni za ka ba, mara kunya. Shekara nawa ina riƙe adashin ƴan unguwarmu, wa ya taɓa cewa dalarsa ta ɓata?

Sagiru ɗana, adashi ne maganinka, amma ba kowane ba. Kuskuren ɗalibai shi ne shiga adashin ƴan kasuwa mai zagaya shekara. Ɗan kasuwa yana da zubi a Agusta, kai ba ka da shi. Ka yi fashin zubi biyu, a fara yi da kai, ƙarshe a ce ɗan boko ba amana. Ku haɗu ku takwas masu aiki irin naku, ku fara Oktoba ku rufe Mayu, watannin da darasi ke ci. Jaka 10 kowa, kwasa 80, hayarka ke nan cif. Kuma kai ka roƙi kwasar ƙarshe. Kowa rububin ta farko yake yi, ba wanda zai yi maka gardama.

Hajara Dang:
Adda, ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa muku. Ku muna da shaida a kanku, amma ba kowace uwar adashi ce Adda Rabi ba. Shekarata ta farko na shiga wani a minisitenmu, mu goma, jaka 5 kowa. Ni ce ta tara. Wadda ke tara kuɗin ta kwashi nata, ta haɗa da zubin wata na bakwai, aka wayi gari ɗakinta a buɗe, ko bokiti ba ta bari ba. An ce jirgin dare na Yawunde ta hau. Jaka 35 tawa ta bi ta. Mai kwasar ƙarshe shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ya ranta wa kowa, ba wanda ya ranta masa.

Adda Rabi:
Allah ya mayar miki da alheri, ƴata. Shi ya sa nake cewa uwar adashi ta zama mai gida a gari, wadda an san ƙofarta, an san mijinta, ba ƴar haya mai akwati ɗaya ba. Kuma a rubuta, kowa ya sa hannu. Kunyar rubutu ce ke kashe mu, a ce ai mun san juna.

Mahamat Njamena:
Salam. Hausata ta Kusiri ce, ku yi haƙuri da ita. Ina Dang ni ma, shekara ta uku, ina gyaran waya a bakin titi bayan darasi. Tambaya gare ku Adda. Ya kwashi 80 a Mayu. Haya sai Oktoba. Wata huɗu da ɗoriya, ba aiki, kuɗi na kwance a ɗaki, ga layya a tsakiya. Wallahi ko waliyyi ne sai ya taɓa.

Ni na gani a kaina. Babana yana turo mini daga Njamena, sefar ɗaya ce, ba zancen canji, sai na saki jiki. Ambaliyar 2024 ta shiga gidanmu, wata uku ba abin da ya zo, ni ne ma na tura musu. Kuɗin da na ajiye na komawa gida shi na cinye. Kuma duk wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri da damina ya san kuɗin mota ba ya tsayawa inda ka bar shi. Tun lokacin, abin da gida ke turowa ba na sa shi a lissafi sai ya shigo waya. Na abincina daga gyaran waya, na gida in ya zo ya tafi haya kai tsaye.

Malam Inuwa:
Assalamu alaikum. Na ga an ambaci waliyyi, bari in sa baki. Wasu suna jin irin wannan lissafi rashin tawakkali ne, har wani yaro ya taɓa ce mini wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Haka ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Abin da nake so ku lura da shi yana cikin Suratu Yusuf. Da Annabi Yusuf ya fassara mafarkin sarki, shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, bai tsaya a kan ku ajiye ba. Cewa ya yi abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Hatsin da ke zangarniya ba ya saurin lalacewa, kuma ba ya saurin shiga tukunya, sai an sussuka, an sheƙe, an daka. Amsar Mahamat ke nan. Kuɗin Mayu kada ya zauna a matsayin kuɗi.

Yaya Bala Garwa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. A aikace, Sagiru, ranar da ka kwashi adashin, kafin ka shiga ɗaki ka wuce wajen mai minisite ka ba shi hayar baɗi. Ba mai gidan da ke ƙin kuɗi a Mayu, wani ma ya rage maka wani abu saboda shi ma layya ta matso shi. Amma ka karɓi rasit, da sunanka da lambar ɗakin da watannin, ka ɗauki hotonsa a waya, ka je da shaida. Wani abokina ya biya haka da baki, mai gidan ya rasu da damina, magada suka ce ba su san zance ba.

Hajara Dang:
Tawa zangarniyar sim ce. Ina da layi biyu, MTN da nake yawo da shi, da Orange da ba wanda ya san lambarsa, har ƙawata ta ɗaki. Yana ƙasan akwati, cikin kwalin turare. Duk Juma'a in na gama raba kindirmo da zoɓo a minisite uku da nake kai wa, sai in je wajen mai kiyos in zuba jaka 3. Ina fito da shi lokaci-lokaci don kada a rufe layin, in duba, in mayar. Cirewa tana da kuɗinta, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa tun Janairun 2022, to wannan ɗan cizon ma yana taimakona, ina jin zafin cirewa. In kuɗin yana wayar hannuna, ƙarfe goma sha ɗaya na dare intanet ya ƙare, yatsa ne kawai.

Kuma don Allah duk wanda ya kira ku ya ce ya yi kuskuren turo kuɗi ku mayar, ko ya nemi lambar sirri, ku kashe wayar. An yi wa wata a hawanmu, kuɗin makarantarta duka.

Ɗan Gidar:
Ni shawarata tunkiya. Ka sayi ɗan rago bayan layya da araha, ka kai ƙauye, baɗi ka sayar. Riba ninki.

Habu Kalando:
Na gwada. Ragon ya ci leda ya mutu. Na ci naman dai.

Zainabu M2:
Habu, kai komai sai ya zo maka ta bayan gida. Amma rago ba na ɗalibi ba ne gaskiya, sai mai wanda zai kula masa da shi tsakani da Allah, kuma dusa da harawa da rani kuɗi ne. Hatsi ya fi. Mu huɗu muke haɗa kuɗi bayan kaka mu sayi buhun masara, in masakwa ta shigo wajen Fabrairu mu ƙara rabin buhu. Wanda ya taɓa auna kwano a Agusta ya san bambancin. Mu sa a jarka mu toshe saboda ƙwari. Kuka da kuɓewa busassa da daddawa daga gida. Wanda ke cin kosai da wake a bakin titi safe da dare ba zai taɓa zama cikin 500 ba, mai tukunya zai iya.

Sannan akwai duwatsun da Yaya Bala bai ƙirga ba, saboda Sagiru bai kai wurin ba tukuna. Bari in faɗa masa tun yanzu, ni ba wanda ya faɗa mini. Shekarar ƙarshe daban take. Akwai istaj, wato koyon aiki, wata ɗaya ko biyu kana zuwa ofis da kuɗin babur ɗinka, mafi yawa ba a biya, kuma lokacin ba ka da sararin aikinka. In ka kai matakinmu na digiri na biyu akwai memwar, wato kundin bincike, ka buga, malami ya ja jan biro, ka sake bugawa, ka ɗaure kofi da yawa na ranar kare shi. Ni sau huɗu na buga nawa, shafi ɗari da wani abu. Ga takardun konkur, wato jarrabawar neman shiga aikin gwamnati ko babbar makaranta, kowace takarda sai an buga mata tambur, shi kuma tun Janairun 2023 ya tashi daga jaka 1 zuwa 1,500. Ka haɗa takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa da ta rashin laifi da kofin difloma, ka ga inda aka nufa, tun ba ka biya kuɗin jarrabawar kanta ba. Ni daga shekara ta biyu ya kamata in fara ajiye na wannan. Ban yi ba, sai zoben da Inna ta ba ni ne ya tafi.

Sagiru Marwa:
Allah ya mayar miki, Yaya Zainabu. Akwai abin da ban faɗa ba, kunya ta hana ni. Duk wata sai an kira ni daga gida. Wani lokaci maganin Baba, wani lokaci ƙanwata an koro ta saboda kuɗin makaranta, wani lokaci biki. A wurinsu ni ma'aikaci ne, tunda ina birni ina koyarwa. Ban taɓa ƙirgawa ba, amma zai kai jaka 5 zuwa 8 a wata. In Inna ta kira, kuɗi na ƙasan akwati, in ce mata babu?

Habu Kalando:
Yawwa. Yanzu aka zo wurin. Masu takarda, ku amsa.

Malam Inuwa:
Kada ka yi wa mahaifiyarka ƙarya, ko da wasa. Kuma abin da ka ba ta ba asara ba ce, wataƙila albarkarsa ce ta riƙe ka har yau. Wannan ba na jayayya a kansa.

Hajara Dang:
Malam, ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Amma in ya ce kuɗin hannuna na mai gida ne, ƙarya ya yi? Na mai gida ne mana, ranar karɓa ce ba ta zo ba. Ni abin da na yi, da hutu na zaunar da Mama, na nuna mata littafina shafi-shafi. Ba ta yi boko ba amma ta fi ni lissafi, ƴar kasuwa ce. Da ta ga abin da nake ci a rana sai ta yi shiru, can ta ce ashe haka kike zaune. Muka yanka jaka 3 duk farkon wata, ina turawa tun ba ta tambaya ba. Yanzu ita ce ke tare mini ƴan uwa, in an ce a kira Hajara sai ta ce ku bar yarinyar nan ta gama. Har gari da yaji take aiko mini a motar Garwa.

Matsalar ita ce muna komawa gida da sabuwar shadda da waya mai kyau, don kada a raina mu, to wa zai yarda ba mu da shi?

Yaya Bala Garwa:
Hajara ta gama magana. Sai dai ka sa shi a takarda, Sagiru, jaka 3 sau goma sha biyu 36 ce, kusan sefa 100 a rana. Ka ga 530 ta koma 430. Ba makawa sai ka nemi abin yi daga Yuni zuwa Satumba. Makarantu masu zaman kansu suna yin darasin hutu a Yuli da Agusta, tun Afrilu ake kai takarda, ba ranar da aka buɗe ba. Ko ka ce wa kawu da hutu kullum za ka riƙa zuwa shago, ku yi magana a kan kuɗi ƙarara tun yanzu.

Mu da muka shiga jami'a bayan 1993 ba mu san bursu ba. A shekarar aka yi gyaran da ya mayar da cibiyar Ngaundare cikakkiyar jami'a, aka daina ba ɗalibai kuɗin wata, aka kawo jaka 50 ɗin nan. Yau shekara talatin da ɗoriya ba ta motsa ba, ga Marwa ta samu tata jami'ar a 2008, Garwa a 2022. Kuɗin makaranta shi ne abu ɗaya da ba ya ba ka mamaki. Haya da mai da abinci ne suka gudu suka bar mu. Kyautar ƙwazo ta jaka 50 da ake ba wasu ɗalibai kuma, in sunanka ya fito alhamdu lillahi, ka toshe rami da ita, amma kada ka ci bashi da sunanta.

Mahamat Njamena:
A ƙara da kalandar Musulunci. Duk shekara azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Bara layya ta faɗo farkon Yuni, daidai lokacin jarrabawa, ban buɗe teburin gyara ba kusan mako uku. Bana, 2026, azumi tsakiyar Fabrairu, layya ƙarshen Mayu. Ni a bangon ɗaki na manna kalanda, na zagaye makonnin jarrabawa da jan biro, na rubuta sifiri a kansu. Makon jarrabawa ba samu, gara ka sani.

Zainabu M2:
Kuma kada a ƙara aiki har a faɗi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wani ɗan ajinmu ya ɗauki gidaje shida, ya tara kuɗi kam, ya tafi ratarafaj, wato sake jarrabawa, a darussa biyar, ƙarshe ya maimaita shekara. Sabuwar 50, sabuwar haya, sabon cin shekara guda. Ba bashin da ya kai wannan tsada.

Habu Kalando:
To na ji. Adda, gobe in na sauke yaran makaranta zan biyo da 500. Amma in taya ta fashe zan zo karɓa.

Adda Rabi:
Ka zo, ka tarar na tafi unguwa.

Sagiru Marwa:
Jama'a, na dawo bayan kwana biyu. Na zauna da takarda kamar yadda Yaya Bala ya ce. Na duba saƙonnin wayata na wata uku, intanet kaɗai jaka 6 nake saye a wata, ɗan 100 ɗan 250, ban taɓa haɗawa ba. Na yi magana da wani ɗan Mokolo a ajinmu, hayarsa za ta ƙare Maris, zai dawo ɗakina ya ba ni rabin na sauran watannin, da shi zan biya kaso na biyu. Mai minisite ya yarda, ya ƙara mana 500 ta ruwa. Kawu ya ce zancen hutu sai ya yi tunani, kun san kawu. Gida ɗaya a Domayo kuma suna riƙe mini kuɗin Disamba, uban yaran kullum ya yi tafiya, yau zan koma. Ko da komai ya tafi daidai, lissafina ya nuna Oktoba zan gaza da wajen jaka 20, ban kuma sa bashin jaka 30 ɗin nan ba. Shi ne ban san yadda zan tunkari mai shi ba.

Nasiru Dugoy:
Ba sai ka tunkare shi ba, yana cikin zauren nan tun ranar da aka buɗe shi. Na karanta komai ban ce uffan ba. Sau uku ina ganinka kana juyawa a bakin gada, ran nan har ka kusa faɗa wa mai lemo. Kawo jaka 5 duk ƙarshen wata daga Fabrairu, Afrilu da Mayu ka kawo 10, mu rufe kafin darasinka ya tsaya. Ka rubuta ni a takardar, sama da intanet.

Sagiru Marwa:
Nasiru, wallahi ban san kana nan ba.

Nasiru Dugoy:
Ni na sa ka a zauren. Asabar ina zuwa kasuwa, ka ajiye mini shayi a shagon kawu.